Na Aiko Maka Rulma Biyu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga garaji, Tasawa.

Zuwa ga ɗana na fari, mai sunan tsohona, wanda bakina bai taɓa iya kama sunansa ba sai dai in ce Abba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka Mayahi lafiya, kai da motarka, kuma masaukin da ka samu ya karɓe ka. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da sharrin baki, ya sa ka fita lafiya ka komo lafiya. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka duk suna gaishe ka. Gida lafiya lau. Ni ne dai zama ya gagare ni.

Zan faɗi abin da ya sa na ɗauki biro tun a nan sama, don kada ka gaji ka ninke takardar kafin ka kai wurin. Kada ka ɗora buhu ko ɗaya, kada ka ɗora mutum ko ɗaya a bashen nan taka, akori-kurar da ka saya, sai ka ɗaga ƙafafunta huɗu ka duba. Jiya da ka fita ƙofar garaji ka hau gudron, wato kwalta, na ji kuka a ƙafarta. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, sannan da ka taka birki a bakin kwana wani siririn ƙarar ƙarfe ya hau kansa. Ina tsaye riƙe da tsumma na ji, na yi shiru, ka tafi. Na kuwa san kasuwar Tchaké ta matso, na san ka yi alkawari da masu wake da mata masu man gyaɗa za ka kwashe su.

Za ka ce mi ya hana in kira ka a waya. Waya tana da ja-in-ja. In ce kaza, ka ce mini ai an duba ta a Maradi kafin ka saya, ni kuma in hau, mu koma inda muka tsaya jiya. Takarda ba ta katse mutum. Akwai kuma wani dalili, zan zo gare shi in zuciyata ta yarda.

A kan murfin injin wata mota nake rubutun nan, a tsaye. Na gwada zama a benci, ƙafafuna suka ƙi. Shayin da aka zuba mini tun hantsi yana nan ƙudaje suna sha.

Ka san ubanka. A katiriyem, aji na uku, na bar kolej, ba don kai ya gaza ba, don gida ya gaza. Na shiga hannun marigayi Ɗan Jimma makanike da wando ɗaya. Wanga garaji ba gadonsa na ci ba, kowane kwano da ke kansa ni na ɗora shi. Ba ni na laƙa wa kaina Mai Kunne ba, direbobin tasha suka laƙa mini, don mota takan wuce ta gabana in ce wa mai ita ƙafar baya ta hagu, a kwance a tarar haka ne. Duk wannan ka ji shi har ka gaji, don labarin gwanintata kaɗai na saba ba ka. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne kunnen nan ba da shi aka haife ni ba. Da wauta na saye shi, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

Tun ba a haife ka ba ina da wata bashe, ta farko da na mallaka, ina bin layin Tasawa zuwa Urafan ranar kasuwa. Ta fara wani gurnani, kamar jirgin sama na wucewa can nesa. In na ƙara gudu ya ƙaru, in na rage ya ragu. Na san ba lafiya, amma ina ganin kwance ƙafa zai cinye mini ranar kasuwa guda. Sai na samo magani irin na direbobinmu: na ƙure muryar kaset. Kukan ya ɓace. Na ce na warke.

Ranar da abin zai faru, akwai wani Bafillatani, Bello, da ya saba bina. Yana zaune a baya daidai saman ƙafa, rungume da maraƙi. Muna cikin tafiya ya dinga bugun rufin mota da sandarsa har na tsaya.

Ya ce, "Direba, ƙafarka tana kuka."

Na ce, "Ƙafata lafiyarta lau, Bello. Maraƙinka ne ke kuka, ka raba shi da uwarsa."

Ya ce, "Maraƙina na san muryarsa. Wanga kuka ba na mai uwa ba ne."

Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ce masa ranar da na zo rugarsu na koya masa tatsa, ranar sai ya koya mini mota. Na tayar, na ƙara wa kaset murya.

Ba mu kai Urafan ba na ji bayan motar ya zauna daɓas. Ina waiwayawa sai ga taya da ƙarfenta duka ta wuce mu a guje, ta tsallake kunya ta faɗa gonar hatsin mutane. Allah ya rufa asiri rairayi ne, kuma ba gudu nake ba, sai ƙwaryar nonon wata baiwar Allah da ta kife a kan mutane. Bello ya sauko, ya duba maraƙinsa gaba da baya, ya saɓa shi a wuya, sannan ya dube ni.

Ya ce, "To direba, ga ta can ta tafi kiwo. Za ka bi ta, ko in koro maka ita?"

Da na kwance abin, rulma ce ta ƙone ta narke. Ita ce mutanen Katsina ke ce wa boris, ƙwallayen nan da ƙafa ke juyawa a kansu. Ta daɗe tana kirana, ni na toshe mata baki da waƙa.

Saboda haka Abba, kashe rediyon nan. Ko wa'azi ake yi, ka kashe shi ka ba motarka farkon hanya, malamin ba zai gudu ba. Wanda kuma yake zaune saman ƙafa ya fi ka jin ta, ko tsohuwa ce mai kaji. In an buga maka rufi, ka tsaya ka tambaya: ta ina, tun yaushe, yaya yake yi.

Ga yadda za ka rabe kukan. Ka fita da ita wayam, ba kaya, ka sami wuri mai tauri miƙaƙƙe inda ba mutane. In ka ji gurnanin, ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama, a hankali, kamar mai kauce wa akuya. In ka karkata hagu nauyin mota yana komawa dama. To in kukan ya ƙaru a lokacin, ƙafar dama ka fara tuhuma. In sai ka karkata dama yake ƙaruwa, ta hagu ce. In kuwa karkatawa ba ta canza shi ba, amma yana canza murya in ka sauka daga gudron zuwa ƙasa, ka shafa bayan tayoyinka, wataƙila wata ce ta ci ba daidai ba ta yi tudu da kwari. Taya tana bin hanya, rulma tana bin nauyi.

Sannan ka komo inuwa, ka sa dutse gaba da bayan ƙafafun da ke ƙasa, ka ɗaga da kirik, wato jak. A rairayi kada ka kafa kirik sai ka shimfiɗa katako a ƙarƙashinsa, kuma kada ka cusa kanka ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Lafiyayyar ƙafa ba ta amsawa. In ta yi ƙwas-ƙwas, ka sa wani ya danne birki ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, rulma ce. In yana nan, gaɓar da ke riƙe da ƙafar ce ta saki, rotil. Ka juya tayar da hannu ka saurara, in tana yi kamar ana niƙa tsakuwa, ba sai ka tambayi kowa ba. Kafin duk wannan ma ka bi notocin taya ɗaya bayan ɗaya da kile, wato sifana. Na ga mutum ya sayi rulma sabuwa alhali noti ne ya kwance. In ka ga jan tsatsa ya zubo daga bakin noti kamar hawaye, ya daɗe yana rawa.

Tsaya. Na ji tsayuwar mota a ƙofa.

Ba kai ba ne. Mai gawayi ne yana neman iska a taya. Ban san mi ya sa na zaci kai ne ba, kai da ka gado taurin kaina kaf.

To. Kuka na biyun, na birki, shi ne wanda ya hana ni zama, don shi ne tarkon ƙasar da ka tafi, kuma ba wanda zai gaya maka shi a Maradi. Su can a kan gudron suke kwana suke tashi. Kai kuwa daga Mayahi in ka yi arewa, Tchaké, Alasan Mairairai da ƙauyukan bayansu, rairayi ne zalla. Shi rairayi yana ɓoye laifin birki. Kana ɗaga ƙafa daga wuta, shi zai riƙe maka motar, ta tsaya cak kamar jakin da ya ga gida. Sai ka yi watanni kana tsammani kai ke tsayar da mota, alhali ƙasa ce ke tsayar maka da ita.

Haka ya faru da ni. Wata damina na koma aiki can arewacin Mayahi. A daji ƙafar baya ta fara zubar da man birki. Na yi abin da na ga manya na yi: na kwance siririn bututun da ke kai mai wurin ƙafar, na cusa ƙusa na toshe shi. Ƙafa uku suka rage da birki. Man ya ragu a gwangwaninsa, babu inda zan samu, na dama ruwan sabulu na cika. Na ce in na shiga gari zan gyara. Na shiga gari ba sau ɗaya ba. Amma mota tana tsayawa duk inda na ce ta tsaya, to mi zan gyara? Har alfahari nake a tasha, ina cewa ni da ƙusa ɗaya na yi damina.

Da kaka ta yi na loda wake har sama, na nufo Tasawa. Innarka tana gaba kusa da ni, na ɗauko ta daga ganin gida, kana cinyarta, ko zama ba ka fara ba. Muka fito daga rairayi muka hau gudron, motar ta yi sauƙi, na ji daɗi na sake mata. Muna shigowa gari, ga amalanken shanu ya fito daga lungu ɗauke da kara, ya gindaya hanya. Na taka birki. Feda ta tafi har ƙasa kamar na taka tuwo.

Innarka ta ce, "Malam, taka mana!"

Na ce, "Na taka!"

Ta ce, "To sake takawa!"

Na buga, na buga, babu kowa a gida. Na ja birkin hannu, shi ma rairayi ya daɗe da cinye shi ban sani ba. Na tura bites, wato giya, na ƙasa, injin ya yi kururuwa, ta rage amma nauyin wake ya ƙi. Muka daki amalanken ta gefe.

Sa ɗaya a wurin aka yanka shi. Mai amalanken, Malam Idi, ƙafarsa ta karye. Shi ne tsohon nan mai ɗingishi da ke wucewa ta ƙofar garaji, wanda kake ganin ina miƙewa tsaye in gaishe shi, har ka taɓa tambayata ko ɗan'uwanmu ne. Bai taɓa zagina ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. In ya zo wucewa sai dai ya ce, "Mai Kunne, ya ƙarfe?" In ce, "Ƙarfe da godiya, Malam." Ya ja ƙafarsa ya wuce.

Innarka kuwa ta dunƙule a kanka, goshinta ya sami ƙarfen gaban mota. Tabon nan da ke saman girarta ta dama, wanda take ce muku ƙofar ɗaki ce ta buge ta tana amarya, ba ƙofa ba ce. Ni ne. Ita ta ƙirƙiro zancen ƙofa don kada ƴaƴana su raina ni, ni kuma na bar ta da shi shekara da shekaru don ya yi mini daɗi. Kai ko ƙwarzane ba ka yi ba. Barci ma kake.

Don haka ka ji ni da kyau. Kullum da safe, kafin ka tayar da injin, ka danne feda ka riƙe. Ya kamata ta tsaya da tauri a tsakiya. In ta yi laushi kamar soso, sai ka buga sau biyu take kamawa, iska ta shiga ko mai ya ragu. In ka riƙe tana zamewa ƙasa a hankali a hankali, ko dai yana zuba a wani wuri, ko uwar birkin da ke gaban direba ta gaji. Ka buɗe gwangwanin mai ka duba. Ka durƙusa ka leƙa cikin kowace taya ta ciki, in ka ga jiƙa ko rairayi ya manne ya yi baƙi, nan ne ke zuba. Man birki ba ya ƙarewa haka kawai, in ya ragu sai ka nemi dalili. Kada ka zuba ruwan sabulu, kada ka zuba man inji, kada ka zuba man gyaɗar fasinja. In larura ta sa ka toshe bututu a daji, to ka sauke mutane, ka rarrafa da ita zuwa wurin gyara, a ranar, ba gobe ba.

Kuma duk lokacin da ka fito daga rairayi za ka hau ƙasa mai tauri, ka gwada birkinka tun kana tafiyar hawainiya, tun babu kowa a gabanka. In ta fizge ka gefe ɗaya, ɗayan gefen ba ya kamawa. In ta yi tsuwa sa'ad da ka taka, pilaket ne suka kusa ƙarewa, faifan nan da ke matse ƙafa. In ta wuce tsuwa ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, sun ƙare, kana cin dis ɗinka ne, farantin ƙarfen da suke matsewa. Akwai tsuwar da ba ta jiran ka taka, wannan sau da yawa ƴar tsakuwa ce ta maƙale, in ka ja da baya takan faɗo. Amma kada ka yanke wa kanka hukuncin tsakuwa don shi ne mai arha. Cire taya ka gani da idonka. Tamburan baya ma, kwanonin birkin ƙafafun baya, ka buɗe su ka kaɗe, don rairayin can yana shiga ya yi ta cin su a ɓoye.

Wata ƙaramar wauta kuma, tunda yau ranar tonon asiri ce. Ka san tafin hannuna na dama da ke da santsi kamar na jariri. Wata rana na ji ƙauri, na sauka na dafa ƙarfen tsakiyar taya da tafina don in ji ko ya yi zafi. Fatar can na baro ta. Cikin haushi na kwarara masa ruwan jarka, ya yi tsuwa ya yi tururi, dis ɗin ya karkace, daga ranar duk na taka birki feda sai ta riƙa harbin ƙafata. In ka yi tafiya ka tsaya, ka zagaya ƙafafun huɗu, ka kusantar da bayan hannunka, kada ka dafa. Wadda ta fi ƴan'uwanta zafi tana da magana: ko birki ya riƙe bai saki ba, ko rulma ta bushe. Ka bar ta ta huce don kanta.

Na sake fita ƙofa na dawo. Sule direban layin Mayahi, wanda zai kawo maka takardar nan, ya ce bayan azahar zai tashi, ga shi rana ta take tsaka. Sai in daina kewaye-kewaye.

Jiya ka shigo da motarka garaji, ka sauko kana murmushi, ka ce, "Baba, a saurara mini ita kafin in tafi." Ni kuma a gaban mutane na ce, "Wanda ya saya ba da ni ba, ya saurara ba da ni ba." Na ga yadda fuskarka ta yi. Ka ce, "To Baba, a yi mini addu'a." Na ce Allah ya kiyaye, ina kallon wani wuri.

Ka tafi da zaton fushi nake don ka tara guminka ka sayi mota ba ka shawarce ni ba. Akwai wannan kaɗan, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba shi ba ne. Wallahi da na ga ka shigo da ita, ƙirjina cika ya yi, na ce ga jinina, shi ma ba wanda ya ba shi.

Abba, kunnena na hagu ya mutu.

Ya daɗe yana ja baya, tun bara kuwa ya rufe ɗif, sai wata ƙara da yake yi mini shi kaɗai kamar gyare. Guduma da injin na shekaru sun karɓi rabonsu. Na dama yana nan, ina jin magana, ina jin kukan mota. Amma da kunne ɗaya ba a sanin inda kuka ya fito. Ina jin sa, ban san ko gaba ne ko baya ba, ko hagu ko dama. Duk ya taru wuri ɗaya a tsakiyar kaina. Shi ya sa ka ga na daina tsayawa bakin hanya ina yi wa motoci duba. Yanzu sai na ɗaga mota na bi ƙafa ɗaya-ɗaya kamar sabon shiga, in ce wa mai ita wai ina tabbatarwa ne. Shi ya sa kuma waya ke ba ni haushi.

Da ka ce in saurara maka, ga direbobi zaune a benci sun zuba ido su ga Mai Kunne zai yi abin da ya saba a kan motar ɗansa. Na san in na zagaya da kai zan ji, kuma za ka ce, "Wace ƙafa ce, Baba?" Ba ni da amsa. Sai na zaɓi in ɓata maka rai da in ji kunya. Na bar ɗana ya hau hanya da ƙafa mai kuka don kada mutanen benci su gane. Ƙusar nan ta damina ce na sake cusawa, da furfurata.

Har jiya ba wanda na gaya wa. Da na koma gida na kasa cin tuwo, innarka ta zagayo ta zauna ta damana. Sai a lokacin na lura ta daɗe ba ta yi mini magana ta hagu ba.

Ta ce, "Ka ji wani abu a motar yaron nan, ko?"

Na ce, "Wa ya ce miki?"

Ta ce, "Tsummanka ka shigo da shi har ɗaki. Malam, goshina ɗaya ne, kuma an riga an yi masa. Kada ka sa a yi wa ɗiyar wani."

Na duba, ga tsumman kuwa a hannuna.

Da safe na tafi wurin Alhaji mai kayan mota na ce ya ba ni rulma irin ta motarka. Ya ce, "Ta gaba ko ta baya?" Na ce duka biyu. Ya tsaya da hannu a kan kanta ya dube ni.

Ya ce, "Mai Kunne, yau kai ne da sayen biyu? Tunda nake da kai ɗaya kake nunawa."

Shagon cike da mutane. Zancen da zan kare kaina da shi ya zo har bakina, in ce ajiya zan yi. Sai na ce, "Alhaji, ban san wadda ta lalace ba. Kunnen ya tafi." Ya naɗe mini su. Na san kafin la'asar duk tasha ta ji. Su ji. Ga shi na faɗa kuma ban mutu ba.

To ga abin da ke cikin ƙullin da Sule zai ba ka. Rulma biyu, ta gaba da ta baya, kowace tana shiga hagu tana shiga dama. Pilaket na gaba. Man birki da ba a fasa bakinsa ba, da giris. Wanda zai ɗaura maka rulmar ka tsaya a kansa, ya cika ta da giris, kada ya ɗaure ta tamau har ta kasa numfashi, kuma ya sa mata fil ɗinta na gaskiya, ba ƙusa ba. Sai kuma dogon turnabis ɗina, sukundireban nan mai jan hannu, wanda Ɗan Jimma ya bar mini, wanda na hana ka taɓawa tun kana yaro. In ka ɗaga ƙafa, ka dafa bakinsa a ƙarfen da ke bayan taya, wanda ba ya juyawa, ka manna hannunsa a ƙashin bayan kunnenka, wani ya juya maka tayar. Ƙarfe zai gaya maka gaskiya ta ƙashinka. Ka bi huɗun duka, don sai ka ji lafiyayya kake gane marar lafiya.

In masu wake sun matsa, ka ce su yi haƙuri ko su bi wata motar. Za su yi gunaguni, wani ya ce ɗan Mai Kunne tsoro gare shi. Bar su. Kasuwa tana dawowa kowane mako. Malam Idi har yau ƙafarsa ba ta dawo ba.

Ga Sule can yana danna mini oda. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya sa duk wanda ya hau motarka ya sauka da ƙafafunsa, ya sa ƙarfen nan ya zame maka abin rufin asiri. Allah ya yi maka albarka. Addu'ar da ka roƙa jiya na ba ka rabinta ina kallon bango, ga cikonta nan. Abin da na faɗa maka a gaban mutane kuma, ka yafe mini.

In ka gama dubawa, ka kira wayar innarka, ita za ta maimaita mini ta dama. Ina nan ina jira. Ka gaya mini wace ƙafa ce, Abba. Ni ban sani ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Hamisu, na garajin bakin gudron